Ƙaramar Jita Don Tafiya Da Atisaye: A Rage Ciki, A Bar Wuya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne, iyalina suna Zariya, amma aiki yana yawan kai ni Abuja da Legas, wani zubin in yi mako biyu ban kwana gida ba. Shekara biyu ke nan ina koyon jita irin ta kilasika, mai tsirkiyar nailan. Wadda nake da ita cikakkiya ce, ba ta ɗaukuwa a tafiya, kuma duk sanda na dawo sai in ji yatsuna sun yi tsami kamar ban taɓa koyo ba. Ina so in sayi ƙarama wadda zan riƙa yawo da ita. Na ga ana rubuta 1/2 da 3/4 da 7/8, na ga wata 'yar mitsitsiya da ake kira Guitalele, na kuma ga wata marar ciki, sai wuya da ƙarfe kawai. Wacce ta dace da ni? Sannan wani abokina ya ce ƙaramar jita tana ɓata hannu. Gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Maganar abokinka zan fara ɗauka, domin ita ce gindin sauran. Yana da gaskiya, amma rabi. Ƙaramar jita tana iya ɓata hannu, sai dai ba ƙanƙantar cikinta ke yin ɓarnar ba, wuyanta ne. Yatsunka na hagu ba ruwansu da girman akwatin da ke kan cinyarka. Abin da suka haddace a shekara biyun nan shi ne tazara: daga wannan firet (siraran ƙarafan nan da ke gicciye a kan wuya) zuwa wancan, daga wannan tsirkiya zuwa ta kusa da ita. In ka canja musu tazarar, ka canja musu karatu. Kai kuma abu biyu kake nema a lokaci guda, wadda za ta yi sauƙin ɗauka da wadda za ta riƙe maka hannu, kuma ka san taura biyu ba ta taunuwa. Dole ɗaya ya ɗan rage wa ɗaya. Shawarata ita ce duk ragin da za a yi a yi shi a ciki, a bar wuya yadda yake gwargwadon hali.

Awo biyu nake so ka riƙe, ka manta da sauran rubuce-rubucen da ke jikin kwali.

Na farko tsawon tsirkiya, wato daga ɗan farin ƙashin nan da ke saman wuya zuwa ƙashin da ke kan jaki (ɗan katakon da ke manne a fuskar jitar), inda tsirkiyar ke hawa kafin a ɗaure ta. A cikakkiyar jitar kilasika milimita 650 ne. Wannan awon ya kafu ne tun zamanin Antonio de Torres, maƙerin jita ɗan yankin Almeriya a kudancin Sifaniya, wanda ya rayu daga 1817 zuwa 1892, kuma siffar jitar da kake riƙewa yau tasa ce. Kafin shi jitocin Turai sun fi haka ƙanƙanta. Waɗanda René Lacôte ya ƙera a Faris da na Louis Panormo a Landan cikinsu siriri ne, tsirkiyarsu kuma sau da yawa ba ta kai 650 ba, amma da su manyan makaɗan wancan zamani suka yi suna. Daga baya gidan Ramírez na Madrid ya kai nasa har 664 don cika manyan zauruka da sauti. Na kawo wannan ne don kada wani ya sa ka ji kamar 650 wahayi ne, ko kuwa ƙaramar jita ta yara ce kawai.

Na biyu faɗin wuya a wajen wannan ƙashin na sama. A cikakkiya milimita 52 ne. Mafi yawan masu saye ba sa tambayar wannan, alhali ni a wurina ya fi na farko muhimmanci. Zan dawo kansa.

Su kuwa 1/2 da 3/4 da 7/8, kada su ruɗe ka. Ba lissafi ba ne, suna ne kawai, kamar yadda tela ke cewa babba da matsakaiciya. Jitar 3/4 ba kashi uku cikin huɗu na cikakkiya ba ce, kuma kowane kamfani da abin da yake nufi. Yamaha CS40, wadda suke kira 3/4, tsirkiyarta milimita 580 ce. Cordoba kuwa tasu 3/4 ɗin, mai suna Cadete, 615 ce, sannan mai 580 ɗinsu 1/2 suke kiranta. Ita 1/2 ta Yamaha, CGS102A, 535 ce. Ka ga ke nan in ka aika a sayo maka "3/4" daga Legas ba tare da ka faɗi milimita ba, abin da Allah ya ba ka shi za ka karɓa. Ka tafi shago da tef ɗin awo a aljihu. In ba ka so ka yi ta jan tef a gaban mai shago, auna daga ƙashin sama zuwa firet na 12 ka ninka biyu, domin firet na 12 shi ne tsakiyar tsirkiya daidai.

To me bambancin yake yi wa yatsa? A jita mai 650, daga ƙashin sama zuwa firet na farko milimita 36.5 ne. A mai 630 ya koma 35.4, a mai 580 kuma 32.6. In ka haɗa gidaje huɗun farko, inda mai koyo ya fi zama, za ka samu 134 a cikakkiya, 130 a mai 630, kusan 120 a mai 580. Milimita 4 ba wani abu ba ne, hannu yana shanye shi cikin minti biyar. Milimita 14 kuwa kusan faɗin ɗan ƙaramin yatsanka ne. Miƙewar da kake sha wuya a kanta a gida za ta zo maka a ɓagas a masauki, ka yi ta murna ka iya, ka dawo Zariya ka tarar ƙaramin yatsa yana faɗuwa a bayan inda ya kamata, tsirkiya tana zizar ƙudan zuma.

Akwai gwajin da za ka yi yau da daddare ba tare da ka kashe ko sisi ba, in dai kana da kafo, wato maƙalin nan da ake danne tsirkiyoyi da shi. Sassauta duka tsirkiyoyi shida, kowace ta sauka da firet biyu, sannan ka maƙala kafo a firet na 2. Yanzu muryar jitar ta dawo daidai inda take, tsawon tsirkiyar da ke aiki ya zama milimita 579, taurinta kuma ya zama irin na ƙaramar jita sak. Ka yi kwana uku kana atisaye a haka, a rana ta huɗu ka cire kafo ka mayar da saiti. Abin da hannunka ya gaya maka a wannan ranar ya fi duk abin da zan rubuta. In kana so ka ɗanɗana mai 615, sauke firet ɗaya ka sa kafo a na farko, zai ba ka 613 da 'yan kai. Wasu ɗalibaina sun yi wannan gwaji suka ce ba su ji komai ba. Wasu kuwa, musamman masu manyan hannuwa, tun a daren farko suka ce yatsunsu na cin karo da juna.

Abin da gwajin ba zai nuna maka ba shi ne faɗi, don a wajen firet na 2 wuyan jitarka ya ma fi faɗi. Yawancin ƙananan jitoci milimita 48 ne a sama maimakon 52. In ka raba ragin a kan tazara biyar da ke tsakanin tsirkiyoyi shida, kowace ba ta rasa ko milimita 1 cikakke ba. A takarda kamar wasa. Amma kiɗan kilasika ba irin na shara tsirkiyoyi gaba ɗaya ba ne. Murya biyu ko uku ke tafiya tare, yatsa yana danne tsirkiya ta uku yayin da ta biyu take buɗe tana ƙara, kuma dole ya tsaya a kan tsininsa kada naman gefensa ya taɓa ta. A matsattsen wuya, babban mutum mai kaurin yatsu zai yi ta kashe tsirkiyar kusa, sai ya fara karkata hannu don ya kauce, karkatar kuma ta zama ɗabi'a. Wannan ita ce ainihin ɓatar hannun da abokinka yake faɗi. Hannun dama ma yana da nasa rabon, domin tazarar tsirkiyoyi a wajen jaki tana raguwa, babban yatsa da sauran ukun sai sun sake lalube. Saboda haka in aka ajiye mini jita biyu, ɗaya gajera mai faɗin 50 ko 52, ɗaya doguwa mai faɗin 46, gajerar zan ɗauka ban ko waiwaya ba.

Sai taurin tsirkiya. In ka gajarta tsirkiya kana son ta ba da murya iri ɗaya, dole ka sassauta ta, kuma ragin ya fi ragin tsawon yawa. Mai 580 tana rasa kusan kashi 20 cikin 100 na taurinta, mai 630 kusan kashi 6. Shi ya sa tsirkiya ta shida, wato mafi kauri, a ƙananan jitoci take yin laɓo-laɓo, tana bugun firet in ka ɗan matsa mata. Maganin yana da sauƙi: ka sa mata tsirkiyoyi masu tauri. In a babbar kana amfani da D'Addario EJ45, a ƙaramar ka sa EJ46. Savarez da Hannabach su ma suna da masu taurin. Ba zai mayar da ita cikakkiya ba, amma yatsa zai ji abin da zai tura.

Yanzu mu bi waɗanda ka gani.

Guitalele, wato Yamaha GL1, ka cire ta daga lissafi in atisaye kake nufi. Tsirkiyarta milimita 433 ce, tsawonta duka bai wuce santimita 70 da wani abu ba, kuma ba a saita ta kamar jita, ana ɗaga ta ne sama, ta fara daga muryar da ake kira A maimakon E ta jita, tamkar ka sa kafo a firet na 5. Abar sha'awa ce, tana shiga ko'ina, tana da daɗin hira da yamma. Ina da ɗaya, yara suka ƙwace. Amma wanda ya yi mako biyu a kanta ya dawo kan cikakkiya, kamar wanda ya saba da keke ne aka ba shi tirela. Haka ita ma 1/2 mai 530 ko 535, a bar wa 'yan shekara bakwai da takwas, don su aka yi ta.

Mai 580, irin su CS40 da Cordoba Mini II, ita ce iyakar da zan yarda babba ya sauka. Tana da araha, tana da ƙwari, ana saita ta kamar kowace jita. Duka biyun faɗinsu 48 ne. In yatsunka sirara ne, kuma gwajin kafo bai dame ka ba, za ka zauna lafiya da ita. Mini II tana da wata dabara, an matse cikinta sosai fiye da yadda aka gajarta wuyanta, don haka ta fi sauƙin ɗauka, amma muryar ƙasa ta tafi da cikin.

Mai 630, wadda ake kira 7/8, kamar Cordoba Dolce mai faɗin 50, ita ce ta fi kusa da abin da hannunka ya sani. Jita ce sosai, har akwai manya masu ƙananan hannuwa da suka mayar da ita jitarsu ta dindindin. Amma fa in gaya maka gaskiya, ba ta warware maka matsalar tafiya. Cikakkiya kusan mita 1 ce daga kai zuwa gindi, 7/8 kuma 'yan santimita kaɗan ta rage. Duk inda aka hana babbar shiga, ita ma za a hana ta. Mutane da yawa suna saye da sunan tafiya, daga baya ta zama jita ta biyu a jingine a ɗaki.

Marar cikin da ka gani, ina kyautata zaton Yamaha Silent ce. Wannan ita ce ta bi ƙa'idar da na fara da ita tsaf: an jefar da ciki gaba ɗaya, an bar wuya cikakke. SLG200N tsawon tsirkiyarta 650 ne da faɗin 50, 'yar'uwarta SLG200NW kuma faɗinta 52, daidai da ta gidanka. Abin da ya yi kama da ƙarfe a gefe firam ne mai siffar jita, don cinya da damtse su samu inda za su zauna kamar yadda suka saba, kuma ana kwance ɓangaren sama a shimfiɗa shi a jaka. Sautinta a fili kamar raɗa ne, sai ka sa abin ji a kunne, tana aiki da ƙananan batura biyu. Ga mai kwana a otal ko gidan baƙi, inda bango bai fi kwali kauri ba, wannan ba ƙaramar ni'ima ba ce, ka yi atisayenka bayan isha'i ko kafin asuba ba wanda ya ƙwanƙwasa maka ƙofa. Aibinta uku. Kuɗinta ya ninka na CS40 sau da yawa. Tsawonta bai ragu ba, siririya ce kawai. Na ukun kuma ba kowa ke lura da shi ba: na'ura ce ke ba ka sautin, don haka ko ka taɓa tsirkiya a raunane za ka ji ta cika kunne, sai hannun dama ya yi lalaci. Wanda ya daɗe a kanta yakan dawo kan jitar katako ya ji muryarsa ta zama siririya. In ka saye ta, ka rage ƙarar, ka kashe amsa-kuwwar da ke cikinta, ka tilasta wa yatsa ya nemo sautin da kansa.

Akwai kuma masu wuyan da ake cirewa, kamar na kamfanin Journey Instruments, waɗanda ake ninkewa su shiga jakar goyo. Dabara ce mai kyau, amma samunsu a nan sai an yi oda daga waje, in kuma maƙullin wuyan ya samu matsala ba kowane mai gyara ne zai taɓa ba. Ita kuwa Martin Backpacker, mai kama da filafilin kwalekwale, ba ta zama a cinya sai da igiyar rataya, zaman kilasika kuma a cinya yake. Ban ba ka shawararta ba.

Duk wannan bayanin za ka iya samunsa a wurin kowane malamin jita a duniya. Abin da na Turai ba zai gaya maka ba shi ne hunturu. Jita tana son danshin iska tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin 100. A Zariya da Kano, daga Disamba zuwa Fabrairu, yana faɗuwa ƙasa da 20. A Legas kuwa sau da yawa yana haura 80. Kai kuma tsakanin biyun nan kake zirga-zirga, wani lokaci a yini ɗaya. Katako yana shan danshi ya kumbura, ya rasa shi ya tsuke, fuskar jita kuma kaurinta bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba, an kuma manne ta ta kowane gefe, ba ta da inda za ta matsa. In ta tsuke da sauri sai ta tsage.

Na gani da idona a kan tawa. Wata shekara na sayo jita mai fuskar katako guda daga kudu a watan Nuwamba, na rataye ta a bango don in riƙa kallonta ina jin daɗi. Kafin sati uku na fara jin bakin firet yana kartar tafin hannuna in na zame a wuya, alamar katakon ya tsuke ya bar ƙarfen a waje. Na ce gobe zan nemo mata magani. Cikin dare, gari ya yi tsit, sai na ji ƙas! kamar an karya tsinken tsintsiya. Da safe na tarar da tsaga tun daga gindin jaki har ƙasa, siririya kamar gashi, in ka ɗaga ta wajen taga haske yana ratsawa. Na manne ta, na sa mata 'yan faci ta ciki, tana nan har yau, amma tabon bai ɓace ba.

Don haka a nan zan saɓa wa abin da aka saba faɗi. Ko'ina za ka ji ana cewa ka nemi mai fuskar katako guda, don ta fi murya, kuma haka ne. Amma jitar tafiya a ƙasar nan, ka nemi mai katako hawa-hawa, irin filawud, wanda aka manne siraran falle a gicciye da juna. Kowane falle yana riƙe ɗan'uwansa, shi ya sa ba ta cika tsagewa ba. Muryarta ba ta kai ba, na yarda, amma kai ba biki za ka yi da ita ba, yatsu kake so su zauna a farke. Ƙananan Yamaha ɗin nan masu araha duk haka suke, kuma a wannan fagen arahar tasu ita ce adonsu. Marar cikin kuwa ba ta da fuskar da za ta tsage tun farko.

Ko wacce ka saya, da hunturu kada ta kwana a waje. Ka samu robar sabulu mai murfi, ka huda murfin da ƙusa mai zafi wuri shida ko takwas, ka jiƙa soso ka matse shi sosai har ya daina ɗiga, ka rufe a ciki, ka ajiye a cikin jakar wajen kan jitar. Duk kwana biyu ka duba, za ka sha mamakin yadda yake bushewa ƙayau. Da damina ko in kana Legas ka cire shi, in ba haka ba fumfuna za ta yi maka sallama. Babbar da ka bari a gida ma ta fi buƙatar wannan, ka bar wa uwargida amanar soson.

Zafi shi ne abokin gaba na biyu. Gam ɗin da ya riƙe jaki yana laushi in ya sha zafi, tsirkiyoyi shida kuma suna jan sa da nauyin da ya kai kilo 40 ko kusa da haka, dare da rana. Awa biyu a but ɗin mota da rana tsaka a watan Afrilu sun isa su ɗaga shi. A tasha kada ka bari yaran mota su karɓe ta, don a wurinsu kaya kaya ne, za su ɗora mata buhu su ɗaure da igiya. Ka riƙe ta tsakanin ƙafafunka a tsaye, ko ka biya mata kujera in tafiyar mai nisa ce. A jirgin ƙasa na Rigasa zuwa Idu abin ya fi sauƙi, sai dai ka sa ta a saman kaya, ba a ƙarƙashinsu ba.

Jirgin sama kuwa, ka san cewa jakar hannu da aka yarda da ita tsawonta wajen santimita 55 ne, kuma babu jitar da ke da wuya a manne da za ta shiga wannan awon, har da Guitalele. Abin da ke faruwa shi ne alfarma: siririyar jaka a kafaɗa ba ta cika jan ido ba, ƙaton akwati kuwa tun daga layi ake hango shi. A Amurka akwai dokar da aka yi a 2012, ta fara aiki sosai a 2015, wadda ta wajabta wa kamfanonin jiragensu barin ƙananan kayan kiɗa su shiga ciki in akwai wuri a lokacin da fasinja ya hau. Wannan tasu ce. A nan ka tambayi kamfanin kafin ranar tafiya, ka shiga da wuri, ka yi magana mai daɗi. Ka ɗan sassauta tsirkiyoyi, ka naɗe kan jitar da riga ko rawani, domin in jaka ta faɗi, wajen da kai ya haɗu da wuya ne ke fara karyewa.

In ka je shago, kada kyallin fenti ya ɗauke maka hankali, kuma suna a goshin jita ba shaida ba ne, jabu sun yi yawa. Leƙa cikin ramin ka ga takardar da ke manne da lambarta. Sannan ka auna tsayin tsirkiya daga saman firet na 12: wajen milimita 4 a ta shida, 3 a ta farko. In ya wuce haka sosai, duba ƙashin jaki. In yana da sauran tsayi, ana iya goge shi a sauke. In kuwa ya riga ya nutse kuma tsirkiyar tana sama, wuyan ne ya tashi, ka ajiye ta, domin yawancin jitocin kilasika ba su da ƙarfen cikin wuya da ake juyawa a gyara. Ka ɗauki 'yar takarda ka gwada tura ta ƙarƙashin jaki ta baya. In ta shige, jakin ya fara ɗagowa. Ka kaɗa kowace tsirkiya a buɗe, ka danne ta a firet na 12, ka duba da manhajar saiti a wayarka ko murya ɗaya suka ba da. Ƙananan jitoci sun fi yawan wannan cuta, don kuskuren milimita 1 a gajeriyar tsirkiya ya fi fitowa fili. Ka bi wuyan firet bayan firet kana sauraron ziza. In mai shago ya gaji da kai, ka ba shi haƙuri ka ci gaba.

Abu ɗaya da nake roƙonka: kada ka bari kowa ya sa mata tsirkiyar ƙarfe. Na sha karɓar jitocin da aka kashe ta wannan hanya, tsirkiya ta tsinke a wani gari, aka je shago ba nailan, mai shago ya ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Ƙarfe yana ja da kusan ninki biyu, jitar kilasika kuma ba a gina ta don haka ba, tun asali da tsirkiyar hanjin dabba aka san ta, kafin Albert Augustine ya fito da ta nailan a birnin New York a shekarun 1940 tare da goyon bayan shahararren makaɗin jita Andrés Segovia. Ka riƙa tafiya da saiti guda na ajiya a aljihun jaka. Ta huɗu, wato D, ita ce ta fi saurin tsinkewa. Kuma kada ka sa sababbi a daren tafiya, nailan yana kwana uku ko huɗu yana miƙewa, za ka ƙare da murɗa kunnuwa maimakon atisaye.

In aljihu zai ɗauka, ni SLG200NW zan ce ka saya, don halin da ka bayyana kamar don shi aka yi ta: ɗakin otal, zirga-zirga tsakanin bushewa da laima, da hannun da yake tsakiyar koyo. In bai ɗauka ba, yi gwajin kafo, in hannunka ya amince ka ɗauki mai 580 ta filawud, ka sa mata tsirkiya mai tauri da jaka mai kaurin soso. Sai ka raba aikin: a tafiya ka ba da ƙarfi ga karatun sabon kiɗa, haddace shi, da motsa yatsun dama, ka bar atisayen miƙewa da dogon tsalle a wuya sai ka dawo kan babbar. Ranar da ka dawo kuma kada ka faɗa wa kiɗa mai wuya kai tsaye, ka ba hannu minti goma yana hawa da sauka a hankali a gidajen farko.

Ƙaramin ciki yana zama ƙasa-ƙasa a cinya, sai ka ga mutum ya duƙa yana bin sa har baya ya ƙage. Matakin ƙafa na ninkewa, wanda ake ɗora ƙafar hagu a kai don jitar ta ɗago, ba shi da nauyi, amma in ka manta shi, jakar kayanka a kwance ta isa, ko ka ninke tawul ɗin otal gida huɗu ka ɗora a cinyar hagu. In kuma dare ya yi kana tsoron damun maƙwabcin ɗaki, ka tura safa ɗaya mai tsabta ƙarƙashin tsirkiyoyi dab da jaki. Sautin zai koma ɗan tuf-tuf, amma za ka ji kowane yatsan da ya makara. Allah ya kiyaye hanya, ka gaida mutanen Zazzau.